Rafin da Kakana Ya Binne

Takarda ta zo yau da safe, kuma tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na kira mijina Kieran sau uku, yana kan hanya da babbar mota, bai ɗauka ba. Na gaya wa mai kawo wasiƙa, na gaya wa matar kantin magani, har 'yata Elsie na gaya wa, ita da watanta biyar a duniya, ta kalle ni ta yi gyatsa. To ku ma sai kun ji. Amma bari in faro daga tushe, don in na karanta muku abin da ke cikin takardar kawai, za ku ce Tegan ba ta da aikin yi.

Kakata Noreen, wadda muke ce wa Nan, ita ta raine ni, ita da kakana Vern, wato Pop. Shekararsu hamsin da biyar da aure. Nan 'yar jam'iyyar masu jar riga ce tun tana budurwa tana aiki a masaƙa. Pop kuwa shuɗi ne har cikin ƙashinsa, haka ya tarar da ubansa. Ba wanda ya taɓa juya wani, sun ma daina gwadawa tun kafin a haifi mahaifiyata. Abin da suke yi shi ne, duk Asabar ɗin zaɓe Pop ya sa hularsa, Nan ta ɗauki jakarta, su taka zuwa firamaren da ke bakin titin jirgi. Ya jefa wa shuɗi ƙuri'arsa, ta jefa wa ja tata. Su fito su sayi gasasshen nama a burodi da albasa, su zauna a kan katangar makarantar su ci.

"Na kashe taka," in ji Nan.

"Ni na kashe taki. Ni na jefa daga baya."

"Na gan ka, tsohon banza, kana ta wasa da fensir don in riga ka."

Ina ƙarama ina zaune a tsakaninsu, miya na zuba a rigata, na ɗauka haka kowane gida ake yi.

Sunan mazaɓarmu Marinda. An yanke ta a shekarar sittin da bakwai, lokacin da aka sare lambunan lemo aka yi filayen gidaje, kuma tun ranar ba ta taɓa zama ta kowa ba. Yau ja, gobe shuɗi. Zaɓe goma sha shida aka yi a cikinta, ja ta ci takwas, shuɗi bakwai, ɗayan kuma wani mahauci ne, Fenech, da ya tsaya shi kaɗai ba jam'iyya, ya ce shi dai gada zai sa a yi a saman titin jirgi don yara su daina tsallakawa. A wannan shekarar Nan ta zaɓi mahauci a ɓoye, Pop ma ya zaɓi mahauci a ɓoye, suka fito suka zauna a katanga kowa na cewa ya kashe ta wani. Sai bayan shekara ashirin asirin ya tonu a wurin cin abincin Kirsimeti. Kwana biyu ba su yi wa juna magana ba.

Shekara huɗu da suka wuce suka sayar da gida suka koma gidan kula da tsofaffi, wanda kowa ke ce wa Gidan Lemo. Kashi biyu ne. A baya akwai ƙananan ɗakuna na waɗanda ke iya dafa wa kansu, a gaba kuma babban gini na masu bukatar nas. Tsakaninsu wurin ajiye motoci ne da ɗan fili mai ciyawa, tafiyar minti biyu. Da farko tare suke a ɗakin baya. Bara Pop ya faɗi a banɗaki, ƙugunsa ya karye, aka mai da shi ginin gaba, kuma daga nan kansa ya fara zubar da abubuwa. Ni yakan kira ni da sunan mahaifiyata. Elsie kuwa duk zuwan da muka yi sai ya tambaya.

"Wannan ta waye?"

"Tawa ce, Pop."

"Kin yi ƙoƙari."

Duk zuwa, wallahi. Amma ku ce masa Marinda, ku ga ikon Allah. Sai ya gyara zama ya fara: "Sittin da bakwai, Penhale mai kantin magani, shuɗi. Saba'in, Penhale. Saba'in da uku, Malama Ostrowski, ja, don an ƙi zuba kwalta a titin makaranta." Haka zai yi ta jerowa, har tamanin da biyu da ja ta ci da ƙuri'a goma sha ɗaya bayan an yi kwana tara ana sake ƙirga, har na ƙarshe. Nas-nas kan kira junansu su zo su ji.

To wata uku da suka wuce na je da Elsie, lokacin tana 'yar mitsitsiya, na tarar da Nan a teburin kicin da jarida a buɗe da gilashin ƙara girman rubutu. Shayinta ya huce. Ƙarfe goma ta wuce, ita da kullum ƙarfe tara take tsallakawa wurin Pop.

"Nan, lafiya? Wa ya mutu?"

"Marinda."

Ta turo mini jaridar. Hukumar da ke shata iyakokin mazaɓu ta fitar da sabuwar taswira. Wai mutanenmu sun yi kaɗan, matasa duk sun koma sababbin unguwannin bayan gari, don haka an soke Marinda an raba ta biyu. Rabi ya shiga Orwin, rabi ya shiga Balgarra. An rubuta cewa iyakar ita ce Rafin Tolley. Nan ta ɗora farcenta a kan layin, na bi shi da ido, sai ga shi ya ratsa ta tsakiyar Gidan Lemo, daidai wurin ajiye motoci. Ɗakin Nan a Orwin. Gadon Pop a Balgarra.

"To ai ba komai, Nan," na ce. "Firamare ɗaya za ku je. Ni zan tura kekensa."

"Takardarsa daban, tawa daban. Zai jefa tasa a Balgarra ba mai taɓa ta. Shekara hamsin da biyar ina tsare mutanen jihar nan daga mutumin nan, yanzu an kwance shi."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta karɓi Elsie daga hannuna, ta gyara mata hula, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ranar Lahadi da na shiga ya tambaye ni ko ni ce sabuwar nas. Na ce, Vern, wa ke kashe maka ƙuri'a? Ya ce Noreen. Sai ya gane ni. Da wannan nake kamo shi, Tegan. In na tambaye shi gobe, me zai ce? Ƙarya zan koya masa?"

Na ce, "Mu rubuta musu cewa a ɗakinki yake kwana mana. Wa zai zo ya duba?"

Ta ɗago ta yi mini wani kallo. "Ƙarya a takardar zaɓe. Anya ni na raine ki?"

Na tafi gida da jaridar. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an ce duk wanda bai yarda da taswirar ba yana iya rubuta ƙorafi, kowa, ba sai lauya ba. Ni kuwa ina shekara goma sha biyar na bar makaranta, rubutu mafi tsawo da na taɓa yi shi ne na sayen kayan miya. Amma mai shayarwa tana da hannu ɗaya a sake da zama mai yawa. Kwana huɗu na yi ina dannawa a waya da babban yatsa, Elsie na tsotso. Na sa komai, har mahauci. Kieran ya karanta ya ce, "Ke, wannan ai ba ƙorafi ba ne, hira ce." Na ce to su sha hira. Na aika.

Bayan mako biyu sai ga amsa. Wai in zo zauren ƙaramar hukuma ranar Laraba ƙarfe goma na safe, an ba ni minti goma in yi bayani da bakina. Nan kuwa ta ce da ita za a je, da Pop kuma.

"Nan, zai gaji."

"Maganarsa za a yi. Ba a yi wa mutum shari'a ba ya nan."

Muka ɗauki tasi mai ɗaukar keken marasa lafiya. A zauren mutum uku ne a babban tebur. A tsakiya wata tsohuwar alƙaliya mai farin gashi, Madam Cargill. A damanta safiyo mai auna ƙasa, dogo mai sanƙo, Mista Vassallo. A hagu wani mai kula da lissafin mutane, shi har aka tashi ban ji muryarsa ba. Kafin ni lauyoyin jam'iyyu ne suka yi magana, na ja da na shuɗi, kowa da kwat da tulin takardu, suna ta kashi kaza cikin ɗari. Elsie ta yi barcinta tsaf duk tsawon wannan. Ana kiran sunana ta farka.

Haka na tsaya ina jijjiga ta a kafaɗa ina magana. Na manta duk abin da na haddace, sai kawai na ba su labari kamar yadda nake ba ku. Madam Cargill ta yi dariya a wurin mahauci, har ta cire tabarau ta goge ido. Na ce a raina, shi ke nan, mun ci.

Da na gama ta ce, "Tegan, na gode. A cikin ƙorafi ɗari biyu da muka karanta, naki kaɗai na karanta wa mijina." Sai ta mai da tabaranta. "Amma doka ta faɗa mana abin da za mu duba. Yawan mutane, da tituna, da titin jirgi, da ruwa, da inda jama'a ke zuwa kasuwa da makaranta. Ba ta ba mu ikon matsar da iyaka don mutum biyu ba, ko da sun cancanta. Rafi kuwa iyaka ce mai kyau, kowa ya san inda yake."

Na ce na gode, na juya zan zauna. Sai na ji murya daga bayana.

"Wane rafi?"

"Vern, yi shiru," in ji Nan.

"Wane rafi, na ce."

Mista Vassallo ya duba taswirarsa ya ce a hankali, kamar mai yi wa yaro magana, "Rafin Tolley, baba. Wanda ya bi ta tsakanin gine-ginenku biyu."

"Ba rafi a wurin. Ni na binne shi."

Wasu a baya suka yi dariya. Ni kunya ta kama ni, na ɗauka kan ne ya tafi. Na matso in tura keken mu fita. Pop ya riƙe taya da hannu biyu.

"Saba'in da huɗu," ya ce. "Ruwa ya yi kwana uku, rafin ya shiga gidaje har taga. Ni ne shugaban leburorin ƙaramar hukuma. Mutum goma sha tara, mako goma sha ɗaya. Muka sa rafin cikin bututun da mutum zai shiga a tsaye bai sunkuya ba. Injiniya ya ce mu bi tsohuwar hanyar ruwan, muka haƙa muka tarar da dutse. Sai muka karkata shi ta bayan lambun da ke wurin kafin a gina Gidan Lemo, ya bi lungun baya har titin jirgi. Tsohon ramin muka cike shi da ƙasa. Ku je ku haƙa wurin motocin nan, in kun sami ruwan da zai cika kofi ku zo ku ɗaure ni."

Madam Cargill ta dubi Nan. "Haka ne?"

"Binnewa dai ya binne," in ji Nan. "Ni na wanke wandunan. Amma ban san ya kai shi wani wuri ba. Ba ya gaya mini komai, shuɗi ne."

Ni ma kaina, da nake ajiye mota a wurin kusan kullum, ban taɓa tambayar kaina ina rafin yake ba. Na ɗauka yana nan ƙarƙashin kwalta yana harkarsa.

Mista Vassallo ya yi ta juya takardu. Ya ce taswirar da ke hannunsu ta nuna an rufe rafin a inda yake tun asali. Madam Cargill ta ce masa, "To ɗaya daga cikinku ya yi kuskure, kai ko shi. Je ka gani." Aka sa ranar Juma'a.

Juma'a ta zo da rana mai kyau, amma Pop ya tashi ba daidai ba. Akwai irin waɗannan ranakun. Muka tura shi har lungun da ke bayan ɗakunan su Nan, ga Mista Vassallo da ma'aikata biyu da dogon ƙarfe suna jira, ga tsofaffin Gidan Lemo sun fito a tagogi suna kallo. Pop ya dubi lungun, ya dube mu.

"Me muke yi a waje? Ina takalmana?"

"Suna ƙafarka, Pop. Bututun nan za ka nuna mana."

"Wane bututu?"

Lungun dogo ne, duk ganye da ƙasa da kwandunan shara. Ma'aikatan sun riga sun bi shi sau biyu ba su ga komai ba. Mista Vassallo ya duba agogo, ba da wulaƙanci ba, amma ya duba. Elsie da ke ɗaure a ƙirjina ta fara mutsu-mutsu.

Nan ta ba ni jakarta. Ta sunkuya daidai kunnensa, ita da gwiwarta ba ta son sunkuyo.

"Vern. Saba'in wa ya ci?"

"Penhale."

"Saba'in da uku fa?"

"Ostrowski. Ja. Abin takaici."

"Saba'in da huɗu?"

Ya ɗaure fuska. "Ba a yi zaɓe a saba'in da huɗu ba, Noreen, ke ma kin sani. Ambaliya aka yi." Sai ya ɗaga kai ya dubi lungun kamar yanzu aka kawo shi. Ya miƙa hannu. "Waccan bishiyar turaren, babbar. Lokacin ba ta fi tsayina ba. Daga gindinta taki goma sha biyu zuwa shinge. Takin namiji, ba irin na wannan ba."

Da Mista Vassallo yake. Mutumin ya je gindin bishiyar ya fara taki, manya-manya, muna ƙirgawa da ƙarfi, har tsofaffin tagogi. A na goma sha biyu ɗaya ma'aikacin ya caka ƙarfensa a ƙasa. Ƙasa. Ya matsa kaɗan ya sake cakawa. Sai muka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Suka share ganye da ƙasa kusan tsawon hannu, ga murfi zagayayye, duk tsatsa. Mista Vassallo ya durƙusa da wandonsa mai kyau ya kafa kunne a kai. Ya daɗe. Sai ya yafito ni da hannu. Na durƙusa, ina tallafe da kan Elsie, na sa kunne. Ruwa ne, jama'a. Yana gudu a ƙasa, shuuu, kamar an bar famfo a buɗe a wani ɗaki. Da suka ɗaga murfin iska mai sanyi ta bugo mu, ga rafi can ƙasa yana wucewa abinsa, shekara arba'in da wani abu ba wanda ya gaishe shi.

"Ga shi nan inda na bar shi," in ji Pop.

Na rungume shi, na rungume Nan, saura kaɗan in rungume ma'aikacin. Amma Mista Vassallo ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, fuskarsa ba ta sake ba. Ya ce yana son magana da Nan.

"Akwai abin da nake so ki gane. In iyaka ta bi ruwan nan, ba mijinki ne zai dawo Orwin ba. Ruwan a bayan ɗakinki yake. Ke ce za ki koma Balgarra, ke da duk maƙwabtanki."

Ni wannan bai taɓa zuwa kaina ba, ko sau ɗaya. Ku da ba ku san wurin ba, Orwin ta ja ce, ko kare aka sa wa jar riga zai ci. Balgarra kuwa gidajen masu jiragen ruwa ne da likitocin haƙori, ja ba ta taɓa ci a can ba tun da aka fara zaɓe. Da an bar Nan a Orwin, duk zaɓen da ya rage mata a duniya ita ce da nasara. Matar da ta yi shekara da shekaru tana raba takardun ja a ƙofar firamare cikin rana da ruwa.

"Ƙorafin na jikarki ne," ya ci gaba. "In ta janye, sai mu bar layin inda yake, mu canza masa suna kawai, mu ce wurin ajiye motoci ne iyaka. In ba ta janye ba, zan rubuta abin da na gani."

Nan ta dubi ramin, ta dubi Pop da ke ta yi wa ma'aikatan bayanin yadda ake haɗa bututu. Na ce, "Nan, in kina so in janye..."

"Ke, rufe mini baki." Ta karɓi jakarta ta rataya. Ta dubi Mista Vassallo tun daga sanƙo har takalmi. "Wa ya ce maka don in ci nake zaɓe? Rubuta abin da ka gani."

To daga nan sai jira. Ya ce ba a nan ta ƙare ba, sai an duba ko Balgarra za ta iya ɗaukar ƙarin mutum sittin da uku ba ta wuce adadin da doka ta yarda ba, kuma wannan aikin mutumin nan ne da ba ya magana. Mako shida. Elsie ta fara juyawa da kanta, ta fara dariya mai sauti, ni kuwa kullum ina leƙen akwatin wasiƙa kamar mai jiran sakamakon asibiti. A Gidan Lemo kuma rigima ta tashi. Beryl, maƙwabciyar Nan, ja ce ita ma, ta daina gaishe mu. Ta ce wa Nan a wurin shanya, "Kin sayar da mu gaba ɗaya saboda tsoho ɗaya." Nan ta ce, "Da kin ga tsohon a saba'in da huɗu da kin ce in sayar har da na layin gaba." Har yau Beryl ba ta dawo mana da kwanon kek ɗinmu ba.

Yau da safe ina shanya kayan Elsie na ji ƙarar babur ɗin mai wasiƙa. Ambulan fari, da tambarin hukuma. Na buɗe a tsaye a bakin titi. Shafi biyu ne, ban gane rabinsa ba, sai da na kai ƙasa na ga an rubuta cewa an karɓi ƙorafi mai lamba ɗari da tamanin da bakwai, iyaka za ta bi Rafin Tolley a inda yake gudu yanzu, Gidan Lemo gaba ɗayansa yana Balgarra. Lamba ɗari da tamanin da bakwai ni ce. A cikin ɗari biyun nan guda tara kawai aka karɓa, kuma na lauyoyin nan masu kwat ba ya ciki, na duba sau biyu.

Ko takalmi ban canza ba, da silifas na tuƙa. Na sami Nan a ginin gaba, lokacin abincin rana, tana zaune a gefen Pop. An ajiye masa faranti, nama da dankali da wake, bai taɓa ba. Kwanan nan haka yake yi, sai ya ce ba ya jin yunwa, nas sun fara damuwa. Na miƙa wa Nan takardar. Ta karanta da gilashinta, a hankali, tun daga adireshi. Da ta kai ƙasa ta ninke ta, ta sa a jaka, ta rufe jakar.

"Vern."

"Na'am."

"An mai da ni Balgarra."

Ya juyo. "Balgarra? Ai tamu ce."

"Taku ce."

"Kin faɗi ke nan tun ba a buga takardu ba." Ya fara dariya, irin wadda kafaɗunsa ke rawa, har ta zama tari, na bubbuga masa baya. "Noreen a Balgarra. Wa zai gaya wa ubana."

"Yi dariyarka. Su ci da dubu goma in sun ga dama, amma taka ba ta ciki. Ina nan a bayanka da fensir."

Ya goge ido da bayan hannu. Ya dube ta sosai, kallon wanda ya san wa yake kallo. "Yaushe ne zaɓen?"

"Nuwamba ta baɗi."

Ya ƙirga a yatsu, ya ɓata, ya sake. "Da nisa."

"Da nisa," in ji Nan. Ta tura masa farantin gabansa, ta sa masa cokali a hannu. "Sai ka ci abinci in kana son ka kai."

Ya dubi farantin, ya dube ta, ya ja tsaki. Sannan ya fara da dankalin. Ina zaune da Elsie a cinya ina kallo har ya cinye, har waken da ya ce shekara tamanin ba ya so, ya kuma tambayi nas ko akwai sauran kek.